Bambancin Rubuta Amlodifin ga Masu Hawan Jini a Karkarar Arewacin Kano: Me Ya Kamata a Ƙidaya?

Tsakure

Maƙalar ta dubi yadda za a auna yawan rubuta amlodifin a ƙananan asibitocin Dambatta, Makoɗa, Kunci, Bici da Tsanyawa. Hujjarta ita ce ƙidayar katin likita kaɗai ba za ta nuna wanda ke shan maganin ba.

Gabatarwa

Tun 1973 Wennberg da Gittelsohn suka nuna a jihar Bamont ta Amurka cewa garuruwa maƙwabta kan sha bamban wajen jinya ba don cutarsu ta bambanta ba, sai don kowane likita da irin hannunsa. Irin wannan ma'aunin bambanci, idan na magani ne, ya dogara da likita mai rubutawa da kuma kantin da ke ajiye lissafi. A karkarar Kano, inda gona ke jikin gona kamar yadda Michael Mortimore ya bayyana tun shekarun 1960, mai awon jini galibi jami'in lafiyar al'umma ne, wanda mutane ke ce wa malamin asibiti. Manufar raba ayyukan lafiya ta 2014 ta ƙara masa nauyi.

Dalilin zaɓar amlodifin

Gwajin CREOLE, wanda Dike Ojji ya jagoranta aka buga a 2019, ya haɗa majinyata 728 daga ƙasashe 6 na Afirka. Ya gano cewa haɗin da ke ɗauke da amlodifin ya fi haɗin ferindofril da haidrokulorotayazaid sauke jini cikin wata 6. Shirin daƙile hawan jini da aka fara a Kano da Ogun a 2020 ya ɗora matakin farko kan amlodifin miligiram 5, a ƙara losatan a mataki na biyu idan jinin ya ƙi sauka ƙasa da 140/90.

Tattaunawa

Tunda ƙa'idar ɗaya ce, duk bambancin da za a gani tsakanin Bici da Kunci dole a nemi tushensa a wani wuri. Na farko shi ne abin da ke kan kanta. Idan asusun juya kuɗin magani ya yi rauni, malamin asibiti zai rubuta abin da ya san akwai a kemis, ko nifedifin ko Moduretic. Sai kuma aljihu. Da kaka manomi na iya sayen na wata guda. Da bazara, ga kuɗin taki a gaba, sai ya ce a yanko masa rabin kati, ya sha ran da ƙeya ta yi nauyi. A rajista an rubuta masa kwana 30, a cikinsa ko goma ba su shiga ba. Wani kuma ƙafa ce za ta kumbura, abin da amlodifin kan jawo, ya ajiye bai gaya wa kowa ba.

Batun mata shi ya fi damun mai wannan rubutu. Losatan na cutar da ɗan tayi, don haka asibitin da mafi yawan masu zuwansa matan aure ne masu haihuwa zai nuna ƙarancin mataki na biyu da yawan metildofa ko nifedifin. Wannan ba sakaci ba ne, daidai aka yi, kuma mai nazarin da bai ware jinsi da shekaru ba zai zalunci ma'aikacin.

Hanyar da ake ba da shawara

A haɗa rajistar majinyata da katin shigar magani da fitarsa a kowane asibiti, a bi watanni 12 cur don a ratsa kaka da bazara, sannan a ƙara littafin cinikin kemis ɗin da ke bakin ƙofar asibitin da na ranar kasuwa.