Furar Gobir: Ta Tsibiri ko ta Sabon Birni?

Tsohon musu ne a kasuwannin Isa da Sabon Birni: furar wane gari ta fi? Mutanen Tsibiri su ce geron jigawarsu ya fi gardi, namu su ce nonon shanun fadamar Rima ya fi kauri. To, amma ƙwarya ɗaya ce tun asali. Da Alƙalawa ta faɗi a 1808, Gobirawa suka watse, mata na ɗauke da turmi da taɓarya. Bayan yaƙin Gawakuke na 1836 aka kafa Tsibiri, daga can kuma Ɗan Halima ya fito ya kafa Sabon Birni. Sai daga baya Ingila da Faransa suka shata iyaka tsakani. Saboda haka, Bagobirin da ya kushe furar Tsibiri, furar kakarsa ya kushe.