Yadda Ɗaukar Waƙa Ta Shigo Ɗakin Kwana

Har zuwa ƙarshen shekarun 1970, mawaƙin da ke son waƙarsa ta fito a faifai ba shi da zaɓi sai ya nufi situdiyo, inda ake biyan kuɗi awa-awa, injiniya kuma shi ne wuƙa shi ne nama. Akwai ɗaiɗaiku irin su Les Paul na Amurka, wanda tun shekarun 1940 yake ɗora sauti a kan sauti cikin garejin gidansa, amma shi gwanin harhaɗa na'ura ne, ba kowa ke iya bin sawunsa ba.

Al'amarin ya sauya a 1979, sa'ad da kamfanin TEAC na Japan ya fitar da Portastudio 144. Kaset na yau da kullum, wanda Philips ya ƙirƙiro a 1963, yana da layin sauti huɗu, biyu a kowace fuska. Sabuwar na'urar ta sa huɗun duka su fuskanci gefe guda, ta kuma ninka saurin zaren domin sauti ya ƙara fita tas. Da haka mutum ɗaya yana iya ɗaukar ganga a layin farko, ya mayar da zare baya, ya kaɗa gita a na biyu yana sauraron gangar, sannan ya rera a na uku. In yana son ƙarin fili, sai ya tattara ukun ya zuba a na huɗu. Sai dai kowace zubawa tana ƙara ƙugin zare, kuma abin da aka gauraya ba ya sake rabuwa. Kuskure in ya shiga, ya zauna daram. Wannan ƙunci ne ya tilasta wa masu farawa su tsara waƙa kafin su danna maɓalli, tarbiyyar da yalwar layuka a kwamfuta ta sa da yawa suka yi wa riƙon sakainar kashi.

Shaidar da ta fi fitowa fili ita ce ta Bruce Springsteen. A Janairun 1982 ya zauna a wani ɗaki na gidansa a jihar New Jersey da irin wannan na'ura da makirfo biyu, ya ɗauki waƙoƙi don gwaji kawai. Da ya shiga situdiyo da makaɗansa suka sake su, sai ya ji wani abu ya salwanta. A ƙarshe kaset ɗin nan na gwaji aka gyara aka fitar cikin wannan shekara da sunan Nebraska.

A Sahara kuwa ko layi huɗun ba a samu ba. Samarin Abzinawa da suka zama ƙungiyar Tinariwen, suna zaune a Libiya cikin shekarun 1980, rikoda kawai suke ajiyewa a gabansu. Wanda ya kawo kaset fanko sai a rera masa, daga nan a yi ta kwafa hannu zuwa hannu har Mali da Nijar, tun kafin wani kamfani ya san da zamansu.

Da kwamfuta ta yi araha, ƙananan situdiyo masu ɗaki guda suka bazu a garuruwan Hausa. A Sakkwato ne Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa ta Nijar, ya ɗauki kundinsa na farko, Anar, a 2008. Da Tamajak ya rera, amma lanƙwasa murya da na'ura irin ta waƙoƙin finafinan Hausa ce aka yi masa. Waƙoƙin ba su bi ta shaguna ba. Ta Bluetooth da katin waya suka yaɗu. A cikin wayoyin mutane ne Ba'amurke Christopher Kirkley ya tsinci ɗaya daga cikinsu, ya sa ta a tarin da ya fitar a 2011, sannan ya shiga cigiyar mai muryar.