Tsohon Labari, Sabuwar Riga: Yadda Gidajen Katun Suka Rungumi Maimaita Fim

Duk lokacin da Disney ko Pixar ya ba da sanarwar cewa wani tsohon fim ɗinsa zai samu kashi na biyu, ko kuwa za a sake shirya shi da 'yan wasa masu jini a jika, masoya katun sukan rabu gida biyu. Wasu su yi murna, wasu kuma su ce basira ta ƙare, kwaɗayin kuɗi ya rufe wa kamfanonin ido, da can ba haka ake yi ba. Zargin kwaɗayi yana da ƙamshin gaskiya. Amma cewa da can ba haka ake yi ba, wannan tarihi bai goyi bayansa ba. Tun fiye da shekara tamanin da suka wuce Disney yake rayuwa a kan sayar wa sabbin yara tsohon labari. Hanyar sayarwar ce take sauyawa duk lokacin da fasaha ta toshe ta baya, kuma kashi na biyu da fim ɗin mutane su ne sababbin hanyoyin.

Walt Disney kansa ya ɗanɗana maimaici tun da wuri. A 1933 gajeren katun ɗinsa na aladu uku, Three Little Pigs, ya samu karɓuwar da ba a zata ba, masu gidajen sinima suka matsa masa ya ƙara. Ya ƙara har sau uku, a 1934 da 1936 da 1939, babu wanda ya kai na farko, kuma daga nan aka riƙa danganta masa maganar cewa ba a doke aladu da aladu. Masoya suna son kafa hujja da wannan magana, suna mancewa da abin da ya faru bayanta. Yaƙin Duniya na Biyu ya rufe kasuwannin Turai, Pinocchio da Fantasia na 1940 da Bambi na 1942 ba su mayar da kuɗinsu a fitowar farko ba, bashi ya yi wa kamfanin katutu. A 1944 aka sake kai Snow White, wanda ya fara fita a 1937, gidajen sinima, kuɗi suka shigo ba tare da an zana ko layi ɗaya ba. Daga nan ya zama al'ada: kowane babban fim a ajiye shi shekara bakwai zuwa goma, sai an haifi wasu yaran sun isa kallo, a sake fito da shi. Walt bai buƙaci kashi na biyu ba saboda na farkon yana dawowa da kansa.

Kaset ɗin bidiyo ne ya karya wannan tsari. Da Pinocchio ya shiga kaset a 1985, sauran suka bi shi ɗaya bayan ɗaya, iyali suka mallaki fim ɗin a gida, yaro ya kalle shi sau hamsin kafin ya shiga firamare. Kamfanin ya yi dabarar sakin kaset na ɗan lokaci sannan ya janye shi daga kasuwa, amma wanda ya saya ya riga ya saya. Gwajin farko na yi wa dogon katun kashi na biyu a sinima, The Rescuers Down Under na 1990, ya fito rana ɗaya da Home Alone, ya sha kashi. Sai a 1994 aka gano mafita: The Return of Jafar, ci gaban labarin Aladdin, wanda aka yi da arha aka kai shi kaset kai tsaye, ya sayu miliyoyi. Shekaru goma sha uku da suka biyo baya tsofaffin finafinai da yawa ba su tsira ba. The Lion King ya samu na biyu a 1998, Cinderella a 2002, Bambi a 2006, shekara sittin da huɗu bayan na asali. Mai kallon finafinan Hausa ya saba da na ɗaya da na biyu da na uku, amma can galibi labari ɗaya ne aka yanka gida-gida. Nan kuwa labari ne da ya riga ya ƙare aka tono shi, aka ɗora masa wutsiya. A wannan zamani ne ƙyamar kashi na biyu ta kafu a zukatan masoya, har suka laƙaba wa irin waɗannan finafinai sunan da ke nufin ci gaban arha, kuma ba su yi ƙarya ba: zanen ya fi rauni, labarin sau da yawa na farkon ne aka juya, 'yar gwarzuwa ta maimaita kuskuren uwarta.

Abin mamaki, daga cikin wannan tsari na arha aka samu fim ɗin da ya wanke kashi na biyu daga zargi. Toy Story 2 an fara shi ne da nufin kaset, aka ga ya fi ƙarfin haka, Pixar ya rushe labarin ya sake gina shi cikin watanni kaɗan, ya fita sinima a 1999, masu sharhi da yawa suka fifita shi a kan na farko. Ya kuma haifar da rigima, domin Disney ya ce kashi na biyu ba ya cikin lissafin finafinai biyar da yarjejeniyarsu ta ƙunsa. Rigimar ta yi tsami har Disney ya kafa wani sashe, Circle 7, don ya yi Toy Story 3 ba da hannun Pixar ba. Sayen Pixar da Disney ya yi a 2006 kan dala biliyan 7.4 ya kashe wutar. John Lasseter na Pixar ya karɓi ragamar katun, aka rufe Circle 7, aka dakatar da ci gaban arha a 2007. Masoya suka ɗauka sun yi nasara. Abin da ya faru a zahiri shi ne kashi na biyu ya tashi daga kantin kaset ya koma sinima da babban kasafi, musamman ganin Shrek 2 na DreamWorks ya tara fiye da dala miliyan 900 a 2004.

Fim ɗin mutane shi ma ba baƙo ba ne a gidan. Treasure Island na 1950, na farko da babu zane a cikinsa ko kaɗan, an yi shi a Ingila ne saboda bayan yaƙi gwamnatin ƙasar ta hana fitar da ribar da kamfanin ya tara a can, dole a kashe ta a can. Matsalar finafinan manya ta zo daga baya. Bayan rasuwar Walt a 1966 sunan Disney ya zama tambarin kayan yara, matasa suna gudunsa. Ron Miller, surukin Walt, ya kafa Touchstone a 1984 don a fitar da abin da sunan gidan ba zai ɗauka ba, aka fara da Splash. A ƙarƙashin shugabancin Michael Eisner aka yi Down and Out in Beverly Hills a 1986, fim na farko na kamfanin da hukumar tacewa ta Amurka ta keɓe wa manya, sannan Pretty Woman a 1990. A 1993 Disney ya sayi Miramax, wanda ya fitar da Pulp Fiction a shekarar da ta biyo baya. Saboda haka mai tambaya ko gidan katun zai iya yin fim na manya, amsar tana nan tun tuni: ya yi, ya ci riba, sai dai ya ɓoye sunansa.

Shekarar 2010 ce mahaɗar hanyoyin biyu. Toy Story 3 da Alice in Wonderland na Tim Burton kowanne ya haura dala biliyan ɗaya, kuma a shekarar aka sayar da Miramax. Shekara biyu bayan nan Andrew Stanton, wanda ya yi Finding Nemo da WALL-E, ya gwada fim ɗin mutane da John Carter, kamfanin ya bayyana asarar kusan dala miliyan 200. Tomorrowland na Brad Bird a 2015 shi ma bai ci kasuwa ba. Darasin da shugabanni suka ɗauka a fili yake: sunan da jama'a ba su sani ba hatsari ne, wanda suka sani jari ne. Touchstone ya fitar da fim ɗinsa na ƙarshe a 2016, yayin da Cinderella, The Jungle Book, Beauty and the Beast da Aladdin suka dawo a jikin mutane. The Lion King na 2019 ya tara fiye da dala biliyan 1.6, alhali in ban da hoton fitowar rana na farko, kwamfuta ce ta zana komai. Katun ne da aka hana shi sunansa, aka cire wa zakin murmushi da hawayen da zane ya ba shi, don babba ya shiga sinima ba tare da jin ya zo kallon abin yara ba. Wannan shi ne tsarin 1944 ya dawo, sai dai yanzu yaron da aka jira ya girma shi ne mai sayen tikiti, yana riƙe da hannun ɗansa.

Za a ce tunda jama'a na biya, ƙorafin masoya hayaniya ce kawai. Hujjar tana da ƙarfi, amma ba ta cika ba. Masu ƙorafi a intanet da iyalan da ke cika sinima ba taro ɗaya ba ne, kuma an ga lokutan da muryar masoya ta yi aiki: da tallar Sonic the Hedgehog ta fito a 2019 aka yi ca a kan siffar dabbar, Paramount ya ɗage fim ɗin ya sake zana ta. Snow White na 2025, wanda aka sake shiryawa da mutane, ya faɗi warwas bayan doguwar cece-kuce. Amma a shekarar Lilo & Stitch, shi ma na mutane, ya haura biliyan, How to Train Your Dragon na DreamWorks ya bi sahun komawa jikin mutane ya yi kasuwa, Elio kuwa, sabon labari fil daga Pixar, ya samu buɗewa mafi rauni a tarihin gidan. Inside Out 2 da Moana 2 na 2024 sun riga sun haura biliyan, bayan Strange World da Wish sun kasa. Masoya suna iya gyara fuskar fim, suna iya kayar da guda ɗaya, amma alkiblar masana'antar tikiti ne ke juya ta. Sai dai laifin ba na 'yan kallo kaɗai ba ne. Lokacin annobar korona da bayanta, Disney da kansa ya kai Soul da Luca da Turning Red manhajar Disney+ kai tsaye, ya koya wa iyaye cewa sabon labari a gida ake jiransa.

Akwai kuma masu cewa komawa jikin mutane girma ne, katun ya balaga. Wannan ita ce hujja mafi rauni. A 1988 Isao Takahata na gidan Ghibli a Japan ya shirya katun ɗin Grave of the Fireflies, labarin yara biyu da yunwa ta kashe a ƙarshen yaƙi, kuma babu ɗaya daga cikin finafinan Disney da aka sake shiryawa da ya kusanci nauyinsa. Hayao Miyazaki, shi ma na Ghibli, ya ci kyautar Oscar sau biyu, a 2003 da 2024, ba tare da ya yi wa wani fim ɗinsa dogon kashi na biyu ba. Ghibli ƙaramin gida ne, ba shi da wuraren shaƙatawa da kantunan kayan wasa a nahiyoyi uku da ke jiran tsofaffin jarumai su dawo su tallata su, kuma nan bambancin yake.

Kashi na biyu ba aibi ba ne a kansa. Toy Story 2 da Puss in Boots: The Last Wish na 2022 sun isa shaida. Sake shirya katun da mutane ne ya fi wuyar karewa, domin da wuya a nuna wanda ya fi na asalinsa. Amma duk fim ɗin da ake maimaitawa yau wani ne ya yi kasadar ƙirƙirarsa jiya, kuma rumbun tsofaffin yana ƙarewa: an sanar da sake shirya Moana da mutane tun fim ɗin bai cika shekara bakwai ba. Mai son sabon labari ya je ya kalle shi a makon da ya fito, domin a wannan makon na farko ake yanke shawarar ko za a sake yin irinsa.