Alminiyam ko kabon: Zaɓin masu wasan tashi a kan ruwa

A gasar Olamfik ta Paris ta 2024 an ga 'yan wasa a gaɓar tekun Marseille suna tsere a kan alluna waɗanda suka ɗaga sama, ba sa taɓa ruwa.

Sirrin abin yana ƙarƙashin allon ne, inda aka ɗaura wani fiffike mai kama da na jirgin sama. Idan gudu ya kai wani mizani, sai fiffiken ya cicciɓi allon da mutumin da ke kansa, kasancewar ruwa ya fi iska nauyi kusan sau 800.

Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun a 1906 wani injiniya ɗan Italiya, Enrico Forlanini, ya gwada kwale-kwale mai irin wannan fiffike a tafkin Maggiore, sannan a 1919 jirgin ruwan Alexander Graham Bell ya yi gudun kilomita 114 cikin sa'a guda a Kanada.

Abin da ke haɗa allon da fiffiken shi ne wani siririn ginshiƙi, wanda tsawonsa galibi yakan kama daga santimita 60 zuwa mita ɗaya. Shi ke ɗaukar dukkan nauyin ɗan wasa, kuma ta cikinsa ne motsin ƙafa ke isa ga fiffiken. Da alminiyam ko zaren kabon ake ƙera shi.

Ginshiƙin alminiyam

Alminiyam dai shi ne ƙarfen da ake yin tukwane da kwanon rufi da shi. Akan matso shi ne ta cikin wata kafa, kamar yadda injin taliya ke yi, sannan a yayyanka shi gwargwadon tsawon da ake buƙata.

Wannan ne ya sa yake da araha, kuma makarantun koyar da wasan suka fi amfani da shi. Mai koyo kan fara da gajeren ginshiƙi domin faɗuwa ta zo masa da sauƙi, ya riƙa sauyawa zuwa dogo ba tare da kashe kuɗi masu yawa ba.

Sai dai kuma kaurinsa ɗaya ne daga sama har ƙasa, abin da ke rage gudu. Idan ya bugi dutse ko tudun yashi yakan lanƙwashe, kuma da wuya ya koma daidai.

Babban abokin gabarsa shi ne ruwan gishiri. Inda alminiyam ya haɗu da kabon ko kusoshin baƙin ƙarfe marar tsatsa a cikin teku, alminiyam ɗin ne ke zaizayewa, har kusoshin su cije su ƙi kwancewa. Don haka ake wanke shi da ruwan daɗi bayan kowane wasa, a kuma riƙa shafa wa kusoshin mai.

Ginshiƙin kabon

Shi kuwa kabon, zaruruwa ne sirara da ake shimfiɗawa hawa-hawa a haɗe su da danƙo mai ƙarfi. Nauyinsa bai kai kashi biyu cikin uku na alminiyam mai girma ɗaya da shi ba.

Maƙera na iya karkata zaruruwan ta inda ake son ƙarfi, su yi ginshiƙin da kauri a sama, siriri a ƙasa. Sakamakon haka yakan tsaga ruwa cikin sauƙi, kuma mai inganci ba ya murɗewa idan an yi kwana da gudu. Ruwan gishiri ma ba ya cin sa.

To amma tsadarsa takan ninka ta alminiyam sau biyu ko fiye. Haka kuma ba ya lanƙwashewa, tsagewa yake yi, wani lokaci daga ciki inda ido ba ya gani, ta yadda zai iya karyewa ba zato a tsakiyar ruwa.

Bambancin nauyi ma bai kai yadda ake zato ba, domin na alminiyam yana da rami a ciki, yayin da yawancin na kabon a cike suke.

Wanne ya fi?

Amsar ta dogara ne ga mai hawa. Ga mai koyo, ko wanda ke wasa a ruwa marar zurfi inda karo ke da yawa, alminiyam ya wadatar, kuma asararsa ba ta da zafi.

Ga mai nauyin jiki, ko mai amfani da faffaɗan fiffike da dogon ginshiƙi, rashin murɗewa shi ne abin dubawa, kuma a nan kabon ya yi zarra.

Shi ya sa a manyan gasanni, irin wanda Ellie Aldridge ta Birtaniya da Valentin Bontus na Ostiriya suka lashe zinare a Marseille, kabon ne ke ƙarƙashin alluna.