Kwalba Ɗaya Ta Fasa Dubu Shida

Wanda ya taɓa sayen tulu a kasuwar Dutsin-Ma ko Kurfi ya san sai an ƙwanƙwasa an ji ƙararsa kafin a biya. To, masana kimiyya ma haka suke yi da wata kwalba mai gano haske. Ƙwayar haske ɗaya ce za ta faɗa mata, ta fitar da ilektiron, a ninka shi sau dubu ɗari ko fiye, har kwamfuta ta iya karantawa.

A Japan, ma'aunin Super-Kamiokande yana ƙarƙashin dutse, da ruwa tan 50,000 da irin waɗannan kwalabe sama da 11,000. Ranar 12 ga Nuwamba 2001, ana cikin mayar da ruwa bayan gyara, kwalba ɗaya a ƙasan tankin ta fashe. Girgizar ta bi ruwa, ta fasa na kusa, su ma suka fasa na gaba. Kafin ƙiftawar ido, sama da 6,000 sun tafi. Sai da aka yi wa sauran murfin kariya, kuma ma'aunin bai koma cikakke ba sai 2006.

A CERN kuwa, ma'aunin ƙarfin ƙwayoyin zarra na ATLAS yana da kwalabe kusan 10,000 na kamfanin Hamamatsu. An gwada su da walƙiyar haske kafin a ɗaura, don kwalbar da ta yi ƙarya za ta gurɓata lissafi. A 2012 ATLAS da CMS suka sanar da gano ƙwayar Higgs.

Ɗalibanmu na fiziks a Jami'ar Tarayya Dutsin-Ma, ku riƙe wannan: a ƙwanƙwasa kafin a dogara. Sai mako mai zuwa.