Zakin da aka saya sule goma

A shekarar 1939 wani Bazulu mai suna Solomon Linda ya shiga ɗakin ɗaukar murya na kamfanin Gallo a Johannesburg, shi da 'yan amshinsa da ake kira Evening Birds. Suka rera waƙa mai suna "Mbube", wato zaki da harshen Zulu. 'Yan amshi na gurnani da manyan muryoyi a ƙasa, shi kuma Linda ya ɗaga siririyar muryarsa can sama. Dab da ƙarshen faifan ya jefo wani ɗan karin waƙa da ya zo masa nan take, kuma wannan ɗan guntun ne ya zagaye duniya.

Kamfanin ya ba shi sule goma ya mallake waƙar. Faifan ya yi kasuwa har sunansa ya zama sunan wani salon waƙa a Afirka ta Kudu, amma Linda aikin shirya fayafai cikin kwali yake yi a kamfanin na Gallo.

Daga nan faifan ya tsallaka Amurka, ya faɗa hannun mawaƙi Pete Seeger. Kunnensa bai kama Zulancin ba, sai ya rera abin da ya ji, ya raɗa wa waƙar "Wimoweh". A 1961 aka ɗora mata kalmomin Turanci, ƙungiyar The Tokens ta fitar da ita da sunan "The Lion Sleeps Tonight", ta hau matsayi na ɗaya a Amurka. Shekara guda bayan haka Linda ya rasu cikin talauci. Ko dutsen kabari iyalinsa ba su iya saya ba sai bayan shekara 18.

Kura da shan bugu, gardi da kwasar kuɗi. Disney ta saka waƙar a fim ɗin The Lion King a 1994, alhali 'ya'yan Linda mata suna zaman haƙuri a Soweto.

Ɗan jarida Rian Malan ne ya tono maganar a mujallar Rolling Stone a 2000. Lauyoyi suka zaƙulo wata tsohuwar dokar Birtaniya ta 1911, wadda ke mayar wa magada haƙƙin mallaka shekara 25 bayan rasuwar mai shi, suka shigar da ƙara a 2004. A watan Fabrairun 2006 aka sasanta: iyalin za su riƙa karɓar kasonsu, a kuma rubuta sunan Linda cikin waɗanda suka tsara waƙar.