Asalin Farin Tayil na Ɗakin Girki

Duk wanda ya je zaɓen tayil na bangon ɗakin girki yakan ci karo da wani fari mai sheƙi, mai siffar bulo. Wannan tayil a ƙarƙashin ƙasa ya fara yin suna, tun kafin ya zama kayan madafa.

A shekarar 1900 aka buɗe layin jirgin ƙarƙashin ƙasa na birnin Paris a Faransa, aka lulluɓe bangon tashoshinsa da farin tayil domin ya ƙarfafa hasken fitilun lantarki, waɗanda a lokacin ba su da ƙarfi. A 1904 birnin New York na Amurka ya buɗe nasa, inda masu zanen gini Heins da LaFarge suka yi amfani da tayil mai faɗin inci 3 da tsawon inci 6.

Abin da ya shigar da shi gidaje kuwa shi ne tsoron cuta. Binciken Louis Pasteur da na Robert Koch, wanda ya gano ƙwayar tarin fuka a 1882, ya sa jama'a suka fahimci cewa ƙwayoyin cuta na laɓewa cikin ƙazanta. Katako yana shan maiƙo da danshi, tayil mai sheƙi kuwa ruwa da sabulu sun ishe shi. Farinsa kuma ba ya rufa wa datti asiri. Don haka asibitoci da shagunan mahauta suka rungume shi, matan gida suka bi sahu.

A yau mutane da dama na zaɓen launi mai duhu domin ya ɓoye tabo. Mutanen wancan zamani sun zaɓi fari ne domin tabon ya fito fili a goge shi.